Mahaɗin da Ya Shafe Muryar Kakarmu

Mutum huɗu ne jigon wannan labari, kuma ko da Allah zai ja kwanana har haƙora su zube, ba na jin zai fita daga raina. Akwai ni, wanda a lokacin bai daɗe da kammala digiri a fannin Hausa ba. Akwai taubashina, ɗan kawuna, wanda ya girme ni da 'yan shekaru, ya yi kwas ɗin kwamfuta a Legas, ya dawo Daura ya buɗe shago, kuma tun daga ranar ya daina amsa kira in ba a ce Injiniya ba. Akwai Alhaji, aminin kawun nawa, falken shanu, wanda muka naɗa uban ƙungiyarmu amma ya fi son a ce masa Ciyaman. Ta huɗu ita ce Kaka, wadda ta haifi mahaifiyata, ta kuma haifi mahaifin Injiniya.

Ƙungiyar tamu ta matasan ƙauyenmu ce, can kusa da Babban Mutum. Abin da muka sa a gaba shi ne naɗar muryoyin tsofaffi kafin su ƙare: tatsuniyoyi, kirarin shanu, waƙoƙin niƙa da na daɓe, da labarin yadda aka kafa unguwanni. Ni ne mai yawo da wayar ƙungiya, daga ƙauyenmu har ƙauyukan Zango, ina durƙusawa gaban dattawa. Injiniya ne ya gina shafin intanet da za a ajiye muryoyin. Duk ƙarshen mako nakan kai masa wayar shagonsa, ya ɗora abin da na naɗo, sannan ya share na cikin wayar domin a sami wurin sababbi, saboda memorinta ƙarami ne. Alhaji kuwa shi ya sayi wayar, shi ya ɗauki nauyin shafin, saboda haka shi ya kafa doka: babu murya ko ɗaya da za ta fita kafin ranar ƙaddamarwa. Tsoronsa kada abin ya bazu a wayoyin mutane, a zo taro babu abin mamaki da zai nuna. Aka kulle komai da kalmar sirri. Ko ni da na naɗo, da na nemi kwafin na Kaka, cewa aka yi in jira ranar.

Naɗar Kaka ta fi kowace wahala, ta kuma fi kowace daɗi. Da na je mata da buƙatata, sai ta dube ni sama da ƙasa.

“Wato yau angon nawa waya ya kawo mini maimakon cefane.”

“Kaka, waƙar niƙa nake so ki yi mini, irin wadda kuke yi a da.”

“To ina dutsen? Ina geron? Kai da aka ce ka yi digiri, ka taɓa jin an yi waƙar niƙa hannu na kan cinya?”

Dole muka tono tsohon dutsen niƙa daga bayan rumbu, inda aka jefar da shi tun zuwan inji. Aka wanke, aka auno gero, ta durƙusa da ƙyar. Da hannunta ya kama tafiya, sai muryar ta fito, siririya amma ba ta rawa. Ta jero sunayen iyayenta mata har kakar kakarta, ta yi wa surukarta da ta daɗe a ƙasa habaici, ta ambaci shekarar da fara ta cinye gero. Matan gidan duk suka bar abin da suke yi. Da ta gama, tana haki, ta tambaye ni inda muryar za ta tafi. Na ce wata ma'ajiya ce a ƙasar Turawa. Ta ce, “Ni da ko Katsina sau biyu na taɓa zuwa. Ka ce mata ta gaishe su.”

Ban da yawon naɗa, ni ne kuma na fassara rubutun shafin zuwa Hausa, kuma a nan na koyi ɗan abin da zan bayyana yanzu. A gaban sunan kowace murya akwai mahaɗai uku, wato rubutun nan da ake dannawa, wanda Injiniya yake kira linki: Saurara, Gyara, Goge. Mahaɗi a asalinsa aike ne na ɗauko. Idan ka danna, burauzar wayarka takan je wurin saba, wato babbar kwamfutar da shafin yake ciki, ta ce a ba ta abu kaza ta nuna maka. Gogewa kuwa ba ɗauko ba ce, aiki ne da ake yi a can cikin sabar. Saboda haka Injiniya ya liƙa wa mahaɗin Goge wasu 'yan umarni da ake kira sikirif, waɗanda burauza take aiwatarwa a cikin wayar mutum. Su ne suke tambaya ko ka tabbata, su ne kuma suke aika umarnin gogewa ta hanyar da aka tanada domin ayyuka. A laftof ɗinsa komai yana tafiya sumul, kuma a wurin Injiniya, abin da ya yi aiki a laftof ɗinsa ya yi aiki a duniya.

Matsalar ta taso ne daga wani tsohon makiyayi da na naɗa. Yana cikin bayanin launukan shanu, sai ya kauce ya ba da labarin yadda ɗan maraƙi ya taɓa korar Alhaji yana yaro, har ya faɗa rumbu yana kuka, sai da aka ciro shi ta ƙafa. Alhaji, wanda ya karɓi kalmar sirri a matsayinsa na Ciyaman, ya saurari wannan a kara, kasuwar shanu, ana tsakiyar ciniki. Yana da babbar waya, amma ta ɗaukar hoto ce a wurin biki. Wadda yake aiki da ita ƙarama ce mai maɓallai, kuma burauzarta ba ta aiwatar da sikirif, domin tsimin data. Ya danna Goge, shafin bai ko motsa ba. Washegari sai ga shi a shago, ina zaune.

“Injiniya, wannan abin naka bai san manya ba. Na danna Goge har babban yatsana ya yi tsami.”

“Ranka ya daɗe, ai daga wayar ne. Da za ka gwada da babbar…”

“Wayar da nake sayar da tirela guda ta shanu da ita? Shafinka za ka gyara, ba wayata ba. Kuma kada ka goge mini da hannunka. Ni zan goge tsohon nan da kaina, yau.”

Ya fita ya bar mu da ƙamshin turare. Gaskiyar magana, buƙatar Alhaji ba ta banza ba ce, ko da dalilinsa na banza ne. Yawancin mutanenmu irin wayarsa suke riƙewa, kuma shafin da aka gina dominsu ya kamata ya yi aiki ko babu sikirif. Hanyoyi biyu ne a gaban Injiniya. Ta farko, mahaɗin ya kai mutum wani ƙaramin shafi mai tambaya da maɓalli a cikin fom, gogewa ba za ta auku ba sai an danna maɓallin. Ta biyu, a mayar da adireshin mahaɗin kansa umarni, duk wanda ya buɗe shi, saba ta goge nan take, babu tambaya. Ta farko tana buƙatar zaman yini. Ta biyu kafin shayi ya huce an gama. A yammacin ranar kuma akwai ƙwallo.

Na ce masa, “Yaya, a bayanan da na karanta lokacin fassara, an ja kunne cewa mahaɗi na ɗauko ne, kada a ɗora masa aikin da zai canza wani abu. Idan wani abu da ba mutum ba ya bi ta kansa fa?”

Ya juyo da kujerarsa a hankali, kamar likitan da majinyaci ya gyara wa allura.

“Bawan gidanmu, yaushe aka fara koyar da kwamfuta a ajin karin magana? Wane ne zai bi ta kansa, aljani? Babu mai ganin linkin nan sai wanda ya shiga da kalmar sirri. Mu biyu ne, ni da Ciyaman. A cikinmu wane ne ba mutum ba?”

“To kwafin ajiya fa, akwai?”

“Sabar nan tana ɗaki mai sanyi a Turai, da masu gadi. Ta fi rumbun gidanku tsaro. Kai dai ka je ka ci gaba da sa wa ƙa da ɗa ƙugiya.”

Hujjarsa ta kalmar sirri ta yi kama da hujja, kuma taubashi ɗan namiji ba ya karɓar gyara daga ɗan mace, wanda a wasan taubasai bawansa ne. Kafin la'asar ya gama, har ya ƙara wani ɗan shafi da ke fitowa bayan gogewa. Na rubuta masa “An goge”, ya ce ya yi tsirara, ya mayar da shi “An goge cikin nasara”. Alhaji ya goge makiyayin da yatsansa, ya bugo waya yana sa albarka, ya ce a duk ƙasar Daura babu injiniya kamar ɗan amininsa.

A cikin daminar shekarar Kaka ta rasu, bayan gajeriyar jinya. Daga ranar, shafin ya tashi daga aikin ƙungiya a wurina. Mahaifiyata, wadda ba ta nan ranar da aka yi naɗar, takan tambaye ni, “Yaushe za ku bari in ji Inna?” Nakan ce bayan girbi, ranar ƙaddamarwa. Na sake roƙon Alhaji, ya ce ai yanzu ma muryar ta ƙara daraja, da ita za a buɗe taro.

Aka sa ranar bayan an gama yankan gero, a makarantar firamaren ƙauyenmu. Sai dai sabis a wurinmu abu ne mai ra'ayin kansa. Wani lokaci wayarka ta kama na Nijeriya, wani lokaci ta yi maka maraba da zuwa Nijar kana zaune a zauren gidanku. Injiniya ya hango wannan, kuma nan ne basirarsa ta kai ƙololuwa. Ana gobe taro, da hantsi, na same shi a shago ya kunna wata manhaja da ke sauke shafi sukutum a cikin laftof, domin a nuna shi ko babu sabis. Yadda take aiki shi ne, takan buɗe shafin farko, ta bi kowane mahaɗi da ta gani, ta ajiye abin da ya fito, ta sake bin mahaɗan da ke cikin wannan, har sai babu saura. Da yake muryoyin a kulle suke, ya ba ta kalmar sirrinsa. Da yake kuma shi mai tsari ne, ya umarce ta ta fara kwaso shafukan rubutu, ta bar manyan fayilolin sauti zuwa ƙarshe.

Ni duk wannan daga baya na san shi. Abin da na gani kawai layuka ne suna gudu a fuskar laftof, shi kuma ya miƙe ƙafa yana cin gyaɗa. Ba a jima ba ta ce ta gama. Na ce, “Muryoyin da na yi kusan shekara ina tarawa, har sun sauka?”

“Ka ga bambancin mai ilimin abu da mai kallo ke nan. Rufe mana shagon, mu je mu ci abinci.”

Ranar taro, ajin ya cika har tagogi, waɗanda aka rufe da tabarmi domin hasken majigi ya fito a bango. Dagaci ya zo, limamai sun zo, baƙi daga Zango sun zo a kan babura. Mata suna baya, mahaifiyata a cikinsu. A gaba, dab da lasifika, aka zaunar da aminiyar Kaka, tsohuwar da suka tashi tare tun suna 'yan mata, wadda idonta ya tafi, aka ɗauko ta daga ƙauyensu musamman domin wannan rana. Alhaji ya yi jawabi mai tsawo a kan muhimmancin tarihi, mutumin da da yatsansa ya gyara nasa. Ya gabatar da Injiniya a matsayin yaron da Legas ta so riƙewa ya ƙi. Daga nan ya ce a saki muryar marigayiya.

Shafin ya fito a bango, kyakkyawa, sunayen tsofaffi a jere. Injiniya ya danna Saurara a gaban sunan Kaka. Babu abin da aka ji sai ƙarar janareta. Ya ce lasifika ce, aka canza mata wayar haɗi. Ya ce janareta ne ba ya ba da wuta sosai, aka ƙara masa mai. Ya gwada sunan wani tsoho, ya gwada na wata, shiru. Cikin ruɗewa ya buɗe jakar da manhajar ta zuba abin da ta sauke, yana neman fayilolin sauti, ya manta cewa duk abin da yake yi yana fitowa a bango. Babu sauti ko ɗaya. Sai shafuka, ɗaruruwa. Ya buɗe ɗaya: An goge cikin nasara. Ya buɗe na biye: An goge cikin nasara. Hedimastan makarantar, wanda ya ɗauki karanta wa jama'a abin da ke bango a matsayin aikinsa, ya karanta na farko da na biyu da murya mai ƙarfi, a na uku ya yi shiru.

A nan na gane, kuma na ga Injiniya ma ya gane. Manhajar ba ta yi kuskure ba. An ce ta bi kowane mahaɗi, ta bi. An ba ta kalmar sirri, ta shiga. Ta bi Gyara, ta bi Goge, a gaban kowane suna, saba kuma tana yi mata biyayya kamar yadda ta yi wa Alhaji. Lokacin da ta waiwayo kan fayilolin sauti da aka ce ta bari zuwa ƙarshe, babu abin da ya rage da za ta ɗauka. Shi ya sa ta gama da wuri.

Muka fita ni da shi zuwa kan tudun bayan makaranta, inda sabis yakan kama, muka buɗe ainihin shafin a waya. Kan shafin yana nan, da hoton Alhaji. Ƙasa da shi fili.

“Yaya, kwafin ajiyar?”

Bai dube ni ba. Ya ce, “Akwai wurin kunna shi. Na ce sai bayan taro.”

Kakarsa ce kamar yadda take kakata, kuma a karon farko tun ina yaro, ya yi mini magana bai ce bawa ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni mamaki har yau. Injiniya ya raɗa wa Alhaji wani abu a kunne, ban san me ya ce ba. Alhaji ya karɓi makirfo, ya gyara babbar riga, ya sanar da jama'a cewa maƙiya daga ƙasashen waje, waɗanda ba sa son ci gaban ƙasar Daura, sun kai wa shafinmu hari. Aka yi salati. Wani liman ya yi addu'ar Allah ya tona asirinsu, Injiniya yana cikin masu cewa amin, kansa a ƙasa. Aka raba lemo da shinkafa kamar yadda aka tsara. Cikin 'yan makonni labari ya zaga cewa akwai wani yaro a Daura da aikinsa ya tsone wa Turawa ido, kuma shagonsa bai taɓa samun ciniki irin na wannan shekarar ba. Kamfanin da ke riƙe da sabar ya amsa mana da ladabi cewa abin da mai shafi ya goge da kalmar sirrinsa, ba tare da ya kunna ajiya ba, ya tafi.

Amma kafin wannan duka, a ranar, ana watsewa, aminiyar Kaka tana zaune inda aka ajiye ta, babu wanda ya tuna ya yi mata bayani. Mahaifiyata ta zo ta durƙusa kusa da ita, ni ma na durƙusa. Tsohuwar ta juyo wajen motsina.

“Wane ne? Ɗan jikan nan mai waya? To, har yanzu ban ji ta ba. Ko kunnen ne shi ma ya bi idon?”

“Iya, ba kunnenki ba ne. Muryar ce ta ɓace.”

“Ta ɓace a ina? Ba cewa aka yi kun kai ta ajiya ba?”

Na rasa yadda zan fassara mata abin da ya faru, ni da fassara ce sana'ata. Sai na ce, “Iya, tare kuka yi niƙa shekara da shekaru. Idan na kawo dutse da gero, za ki yi mana waƙar, ko rabinta?”

Ta murza bakin zanenta. Sannan ta ce, “Ɗan nan, ni amshi nake yi. Ita ce mai bayarwa. Kai ka taɓa jin amshi shi kaɗai?”

Mahaifiyata ta tashi ta fita, kuma daga ranar ba ta sake tambayata a kan maganar ba.

Darasin da na ɗauka ba mai wuyar faɗi ba ne. Aikin da ba a iya mayar da shi baya, kada a rataya shi a jikin mahaɗi, domin mahaɗi ba ya tambayar wanda ya buɗe shi ko da niyya ya zo. Idan ana so shafi ya yi aiki a wayar da ba ta da sikirif, a yi masa fom da maɓalli, a bar mutum ya ce e da hannunsa, ko da hakan zai ci yini guda ya hana kallon ƙwallo. Abin da yake guda ɗaya tak a duniya kuma, kada a jira ranar taro kafin a yi masa na biyu, ko wane ne ya kafa dokar.

Muryoyi ɗari biyu da goma sha ɗaya ne suka tafi, na tsofaffi arba'in da uku. Tara daga cikinsu sun rasu kafin ranar taron. Na koma wurin sauran, goma sha biyu suka yarda suka sake. A cikin muryoyin da suka tafi, na Kaka guda huɗu ne.